Jegon da na yi babu jariri

Shekarun baya, zamanin da soja suka koma bariki mulki ya dawo hannun farar hula, wayar salula kuma ta fara shiga hannun talaka, an taɓa yi mini aikin rage ƙiba a Misra. Na san da yawanku da ke bibiyata a nan don girki da hirar gida ba ku taɓa jin wannan ba. Wata baiwar Allah ce ta turo mini saƙo tana tambaya ko na san wani abu game da aikin, shi ne na ce bari dai in zauna in rubuta kowa ya gani. Ku yi haƙuri da rubutun, karatuna bai wuce firamare ba. Amma abin da ya shiga kunnena ba ya zubewa.

Ni tun ina yarinya mai jiki ce, kuma a gidanmu na Koki ba a ɗauki wannan abin damuwa ba. Cewa ma ake yi na kwaso dangin uba. Sai da shekaru suka fara ja jikin ya fara karɓar fansa. Suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi, gwiwoyi suka ce sun gaji da ɗaukata. Na yi shekaru ina salla a kan kujera, ina sunkuyar da kai a iska. Wannan shi ne abin da ke cina a rai. Ba kyau nake nema ba, don Malam, wato maigidana, bai taɓa buɗe baki ya ce na yi masa yawa ba. Ni dai so nake goshina ya sake taɓa ƙasa kafin in mutu.

Yayana ɗan kasuwa ne, yana zuwa Alƙahira sarin jallabiyoyi. Shi ya jiyo labarin aikin a can, ya dawo da zumuɗinsa.

"Wani zobe ne na roba," in ji shi, "ake ɗaure bakin tumbi da shi. Ki yi loma uku ki ji kin ƙoshi."

Na ce, "Yaya, ni da loma uku ko gishirin miya ban gama ɗanɗanawa ba?"

Ya ce, "To ai shi ya sa za mu tafi."

Ni da ko Ƙofar Nassarawa ba na wucewa sai biki ko gaisuwar mutuwa, sai ga ni a jirgin sama ina ta salati. Aikin kansa bai zo da matsala ba. Ba tsaga ciki suka yi ba, ƙananan ramuka suka huda, sai yanka guda ɗaya mai ɗan girma a gefen hagu ƙasan haƙarƙari. A nan suka binne wani ɗan abu a ƙarƙashin fata, kamar murfin kwalba, ni maɓalli nake ce masa. Wata siririyar roba ce ta haɗa shi da zoben, ta maɓallin ne likita zai riƙa zura allura ya ƙara ruwa in ana so zoben ya matse, ya rage in ana so ya saki.

Kafin a sallame ni likitan ya zauna da tafinta ya jero mini dokoki. Kada in ɗauki abu mai nauyi, kada in ci mai tauri, kada in sha lemon kwalba, kada in haɗa ci da shan ruwa. Ya faɗi duk abin da ya sani. Bai ce komai game da wankan jego ba, don bawan Allah bai san akwai shi a duniya ba.

Ranar da muka dawo, ina shiga tsakar gida na tarar da itace an jibge a gindin bango, ga ƙatuwar tukunyar ƙarfe a kan murhu, ga gwaggona zaune a tabarma da ƙullin kayanta. Yayar mahaifinmu ce, a Kabara take zaune. Duk macen da ta haihu a danginmu, da ma rabin unguwarsu, ita ta yi mata wanka. Ni kaina ita ta wanke mahaifiyata ranar da aka haife ni.

Na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, wa ya haihu ban ji ba?"

Ta ce, "Ke."

"Gwaggo, ai aiki aka yi mini."

"An buɗe miki ciki ko ba a buɗe ba? Iska ta shiga ko ba ta shiga ba? Cikin mace in iska ta shige shi, ruwan zafi ne kawai ke fitar da ita. Kina so ki tsufa da ciwon mara?"

Malam ya ɗan yi gyaran murya daga bakin zaure ya ce, "Gwaggo, ko a dakata a tambayi likita tukuna?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, kai da littattafanka, ni da tukunyata. Na taɓa shigo maka zaure na gyara maka karatu?"

Malam ya ja takalmansa ya koma.

A nan sai na gaya muku wani abu don ku gane. Allah bai ba ni haihuwa ba. Na hura wutar ruwan zafin ƙannena, na dama kunun matan maƙwabta, na riƙe jariran mutane har hannuna ya san nauyinsu tun kafin a miƙo. Ni ba a taɓa yi mini ba. To ranar da Gwaggo ta zaunar da ni a kan turmi a bayan ɗaki, ta tsoma damin ganyen darbejiya cikin tafasasshen ruwa ta fara watsa mini a baya, ina ihu tana cewa "yi shiru, raguwa", wallahi wani daɗi na ji da ban san da wane suna zan kira shi ba. Safe da yamma ake yi. In an gama wankan sai ta ɗauko tsumma ta gasa mini ciki, ta fi daɗewa a kan kumburin nan na maɓalli, don a ganinta nan iskar ta taru. Sannan ta miƙo mini kunun kanwa a ƙaramin kofi. Kunun ma ya dace da dokar likita, tunda ruwa-ruwa aka ce in sha, sai muka ƙara samun tabbacin cewa Gwaggo da Misra bakinsu ɗaya.

Maƙwabta suka samu abin tsokana. Mace ta leƙo ta ce, "Barka da arziki, mai jego! Ina jaririn a gani?"

In ce, "Yana ciki, na roba ne. Ba ya kuka, uwar yake hana ci."

Ƙananan ramukan duk suka warke sumul. Babban yankan ne ya ƙi. Ya fara ja, ya ɗauki zafi, ya kumbura ya yi ƙyalli. Gwaggo ta duba ta ce maruru ne ke son nuna, sai ta ƙara gashin don ya fashe ya huta. Ya kuwa fashe. Wata safiya ina miƙewa daga kan turmi na ji wani abu mai ɗumi yana bin cinyata, na duba, mugunya ce haɗe da jini, da wani wari da ban taɓa zaton zai fito daga jikin mai rai ba. Kafin azahar ina rawar sanyi cikin bargo biyu, haƙorana na haɗuwa. Wannan karon Malam bai nemi izinin kowa ba, ya nemo tasi muka tafi babban asibiti.

A lokacin ba a saba ganin irin wannan aiki a Kano ba. Likitoci suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya suna latsa cikina, wannan ya kira wancan, na zama abin kallo. Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani likitan fiɗa da ya taɓa ganin zoben a inda ya yi karatu. Mutum ne mai sanyin magana. Ya buɗe ciwon ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Hajiya, me ake sa wa wajen nan?"

Na ce, "Ba a sa komai, likita. Gashi dai ake yi bayan wanka."

"Wane irin wanka?"

Na gaya masa. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dafe goshi, ya ce, "Innalillahi." Sai kuma ya yi ɗan murmushi ya ce shi ma kakarsa da haka za ta yi.

Na ce, "Wankan ne ya jawo?"

Ya ce ba zai rantse ba. Mai ciwon suga, ga kuma baƙon abu a jiki, ko ruwa bai taɓa wajen ba hakan na iya faruwa. Amma zafi da danshi kullum ba su taimaka ba, a daina daga yau. Sai ya yi mini bayanin da har yanzu nake ji a kunnena. Ya ce ƙwayoyin cuta suna son roba da ƙarfe in suna cikin jiki, maƙalewa suke yi a jikinsu inda magani ba ya kaiwa sosai. In abin ya tsaya a maɓalli, za a iya ceton zoben. In ya bi siririyar robar nan ya gangara ciki, to sai an cire komai.

Daga nan aka shiga abin da ba shi da daɗin ba da labari, don kullum iri ɗaya ne. Aka kwantar da ni, aka yi ta ƙarin ruwa da allurai har jijiyoyina suka ɓuya, nas ta yi ta lalube daga hannu ta koma ƙafa. Aka sallame ni da sharaɗin zuwa wankin ciwo kowace safiya. Lungunmu mota ba ta shiga, sai na taka har bakin titi ina dafa bango, Malam na gaba riƙe da jakata. A je a bi layi. A zaro audugar jiya daga cikin ramin, a wanke, a cusa sabuwa, ina cije gefen mayafi. A dawo gida in kwanta. Gobe a sake. Ciwon ya rufe kamar ya warke, in fara murna, bayan kwanaki ya sake kumbura ya ɓalle. Ban san sau nawa muka yi haka ba, na daina ƙirgawa.

Warin ne ya fi karya ni. Ni mai son mutane, mai son a cika mini ɗaki ana hira, na koma in na ji sallama sai gabana ya faɗi. Turaren wuta ba ya mutuwa a ɗakina, amma ina ganin yadda mace za ta zauna ta ɗan ja mayafi zuwa hanci kamar tana gyara shi. Kuma kun san mutanenmu, ba a zuwa dubiya hannu sake. Farfesun kaji, dambun nama, alkubus da miyar taushe, duk a jere a gabana, ni kuwa cokali biyu na kunu ke cika ni. Malam ne ya yi ta fama da kwanukan, har hularsa ta fara matse shi. Na ce, "Malam, ƙibar da aka cire mini ashe ba nisa ta yi ba." Kowa kuma da maganinsa: zuma, man zaitun, habbatus sauda, wani garin da aka ce daga Barno ya zo. In karɓa in yi godiya in tura ƙarƙashin gado, don na riga na ji tsoro.

Yaya ya yi ta kiran likitan Misra. Sai ya hau saman soro inda waya ke kamawa, yana ɗaga murya da Larabcinsa na kasuwa har maƙwabta na ji. Amsar kullum ɗaya ce, a dawo da ita mu gani. Ni da zuwa bakin titi ke gagarata, ina ni ina Alƙahira?

Gwaggo kuwa ba ta koma Kabara ba. Ta kife tukunyarta, ta koma wanke mini zannuwan da suka ɓaci. Surutunta duk ya ɗauke.

Amma cikin duk wannan wahala, zoben yana aikinsa. Rigunana suka fara yi mini yawa, sugan ya sauka, gwiwoyin suka rage ƙara. Wata la'asar na yi alwala na zo zan zauna a kujerar salla, sai na tsaya ina kallonta. Na tura ta gefe da ƙafa. Na tayar da salla a tsaye, na yi ruku'u, na dafe bandejin da hannu ɗaya na gangara a hankali, sai ga goshina a ƙasa. Jama'a, ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Malam ya shigo ya gan ni a kife ya zaci faɗuwa na yi, ya tsaya a kaina yana kiran sunana. Da na sallame ya ce, "Lafiya?"

Na share fuska na ce, "Lafiya lau. Ashe dardumar nan tana son wanki, ba wanda ya gaya mini."

To kun ga dalilin da ya sa na riƙe zoben nan da hannu biyu. Da likita ya ce maɓallin ya zama gidan cuta, a cire shi ko Allah zai sa zoben ya tsira, ban yi gardama ba. Aka yi ɗan ƙaramin aiki aka cire, ramin ya cike a hankali. Na samu watanni na sarari, har na je suna gidan ƙanwata da ƙafata, na zauna a tabarma kamar kowa.

Sai zazzaɓin ya dawo, na yamma-yamma, da wani ciwo a saman ciki kamar an ajiye garwashi. Na kuma lura abinci ya fara wucewa ba tare da ya tsaya ba. Na ci rabin malmalar tuwo ban ji komai ba, kuma maimakon murna sai jikina ya yi sanyi. Aka zura mini wata igiya mai kyamara ta baki. Da na dawo hayyacina likita ya zauna kusa da gadon ya ce zoben ya ci bangon tumbi, har wani gefensa ya leƙa ciki. Dole a cire.

Na ce, "Likita, a ƙara mini allurai. Ko shekara ce zan jure, ai ka ga na iya."

Ya ce, "Hajiya, na ga kin iya. Amma wannan ba na juriya ba ne. In ya huda gaba ɗaya, ba na jin za mu same ki."

"In aka cire, kujera zan koma."

"Mai yiwuwa ne. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na juya wajen Malam ko zai taya ni roƙo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wanda ya ce a yi sujada, shi ya ce wanda bai iya ba ya zauna. Ni dai ke nake so a gida."

Zan so in ce maganarsu ce ta ratsa ni na gamsu. Gaskiya gajiya ce kawai. Na gaji da warin asibiti, na gaji da filasta tana cin fatata, na gaji da a tambaye ni ya jiki in ce da sauƙi. Na ce su yi abin da za su yi.

Bayan aikin, kamar yadda aka saba, aka fito da abin da aka cire a nuna wa dangi. Gwaggo ce ke jinyata, ita aka nuna wa. Ta kafe sai an ba ta. Da ƙyar aka wanke aka ƙulle mata a leda. Ranar da aka sallamo ni ta sa aka haƙa rami a bayan ɗakina, ta naɗe zoben a farin ƙyalle ta binne, kamar yadda ake binne mabiyiyar jariri. Ta ce abin da ya zauna a cikin mutum ba a jefa shi a bola. Ina zaune a gefe ina kallonta. Ɗan abu ne fa, bai kai abin hannun yarinya ba.

Ta daddanna ƙasar da tafin hannu, ba ta ɗago ba ta ce, "Ke, ruwana ne ya jawo miki wannan?"

Na ce, "Gwaggo, likita ya ce ba zai rantse ba. Ya ce masu suga..."

"Ba likita na tambaya ba."

Na dubi wurin da ta binne shi. Sannan na ce, "Ban sani ba, Gwaggo. Abin da na sani, tunda nake ba a taɓa kula da ni kamar kwanakin nan ba."

Ta gyaɗa kai, ta miƙe ta je ta wanke hannu.

Ƙibar ta dawo, ba duka ba, amma ta dawo, a hankali kamar mai jin kunya. Na samu kamar shekara biyu ina salla a ƙasa kafin gwiwoyin su sake ƙi. Yanzu a zaune nake yi, kuma na daina faɗa da hakan. Tabon yana nan, ya lotsa ciki, yakan yi ƙaiƙayi in hadari ya haɗu.

Ke da kika tambaye ni, ba zan ce ki yi ba, ba zan ce kada ki yi ba. Na ji an ce yanzu akwai wasu hanyoyin, kuma likitocinmu sun san abin fiye da da. Abin da zan ce, aikin kansa yini ɗaya ne, zaman da ke bayansa shi ne dogo. Kafin ki hau jirgi ki san likitan da zai duba ki a nan gida. Ki zauna ki gaya masa yadda ake jinya a gidanku, har abin da kike ganin bai kai a faɗa ba, don ba zai hana abin da bai san ana yi ba. In kuma wajen ya yi ja ko ya ɗauki zafi, kada ki jira ya nuna.

Mutane suna zaton takaicin zoben nake ji in na tuna. Ina ji, ba zan ɓoye ba. Amma akwai abin da ya fi shi zama mini a rai. Ba a daɗe da warkewata ba 'yar yayana ta yi haihuwar fari, aka sayi itace, aka aika Kabara a ɗauko Gwaggo kamar kullum. Ta ce a gaishe da mai jego, a nemi wata, ita hannunta ya gaji. Aka zaci wasa take yi, aka sake aikawa. Ni da kaina na sa aka kai ni, na zauna a gabanta na roƙe ta. Ta yi ta jana da hira, ta tambayi Malam, ta tambayi gwiwa, ta sa aka kawo mini fura. Ta rayu shekaru bayan nan da ƙarfinta, tana zuwa suna, tana ɗaukar jarirai tana yi musu addu'a. Amma har Allah ya karɓi abarsa ba ta sake ɗora wa kowa ruwan zafi ba. Ni ce mai jegonta ta ƙarshe.